Darasi na Tara: Gano Dalilin Jinkirin Kwafin Fayil da Gyara Shi a Saitin BIOS

Manufofin darasi

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana sa ran zai iya:

1. auna saurin kwafin fayil, ya gane ko jinkirin na gaske ne;
2. shiga BIOS ya nemo saitin rumbun ajiya da na kafofin USB;
3. sauya saiti daga IDE zuwa AHCI ba tare da Windows ta ƙi tashi ba;
4. bambance matsalar saiti da ta kebul, ko ta kafa, ko ta rumbun da ya fara mutuwa.

Shimfiɗa

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, situdiyon hoto da wuraren tura fina-finai a garuruwanmu tokumbo ne. Kafin su iso hannun masu su na yanzu, sun yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka, sun kuma bi ta hannun dillali da na mai gyara, kowa da abin da ya taɓa a ciki. Shi ya sa idan aka kawo muku kwamfuta da koken cewa kwafin fayil yana cin lokaci, sau da yawa babu abin da ya lalace, wani saiti ne aka bari a inda bai dace ba. Abin takaicin shi ne maganin da aka fi saurin yi: fomatin. A goge Windows, a ɗora wata, a karɓi kuɗin bawan Allah, bayan kwana biyu ya dawo da koken da ya zo da shi tun farko. Fomatin ba ya taɓa saitin BIOS, domin saitin ba a cikin rumbu yake zaune ba.

> Akwatin kalmomi
> Rumbun ajiya: na'urar da fayiloli da Windows suke zaune a ciki ko da an kashe kwamfuta. Akwai mai faifai da ke juyawa, wanda masu gyara ke kira had-dis, akwai kuma SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa.
> Madabod: babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda duk sauran sassa ke haɗuwa a kansa.
> BIOS: ƙaramar manhajar da ke cikin wani guntun cif a kan madabod. Ita ce ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, ta shirya sassa, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Sabon samfurinta sunansa UEFI, amma a bakin mutane duk BIOS ne.

1. A fara da awo

Kada ku shiga BIOS kafin ku san lambar da kuke faɗa da ita. Ana auna saurin kwafi da MB a sakan, kuma GB ɗaya ya kai kimanin MB 1,000. Ku samo fayil guda ɗaya babba, kamar fim mai GB 3 ko 4, ku kwafa shi, ku danna "More details" a tagar kwafin. Lambar da za ta fara fitowa takan yi girma, saboda Windows tana fara zuba fayil ɗin a RAM. Ku jira ta sauko ta daidaita, wannan ita ce ta gaskiya.

Kada a yi awo da folda mai ɗauke da dubban ƙananan hotuna. Kowane ƙaramin fayil sai an buɗe shi, an rubuta sunansa da wurinsa, an rufe shi, sannan a wuce zuwa na gaba, don haka lafiyayyen rumbu ma yana iya saukowa ƙasa da MB 10 a sakan a irin wannan aiki. Wannan ba cuta ba ce.

Ga abin da ake sa ran gani a kan babban fayil:

- rumbu mai faifai na laftof, mai juyi 5,400 a minti: kimanin MB 80 zuwa 120;
- rumbu mai faifai na kwamfutar tebur, mai juyi 7,200 a minti: kimanin MB 150 zuwa 200;
- SSD mai amfani da SATA: kimanin MB 500 zuwa 550;
- SSD samfurin NVMe a kan PCIe 3.0: har zuwa kimanin MB 3,500.

Kwafi yana da ɓangare biyu, inda ake ɗauka da inda ake zubawa, kuma mai ƙarancin sauri a cikinsu shi ne ke yanke lambar da za ku gani. Haka nan rumbu mai faifai ya fi sauri a gefen waje na faifansa; idan ya kusa cika, rubutu ya koma can ciki, saurinsa yana iya raguwa da kusan rabi.

*Misali na 1.* Mai ɗaukar bidiyon biki yana da GB 60 da zai kwashe. GB 60 daidai yake da MB 60,000. Idan saurin MB 30 ne a sakan, a raba 60,000 da 30, an samu sakan 2,000, wato minti 33 da ɗoriya. Idan saurin ya kai MB 100, sakan 600 ne, minti 10 ke nan.

2. Shiga BIOS

Ana shiga ne da danna wani maɓalli da zarar an kunna kwamfuta, kafin tambarin Windows ya bayyana. A Dell da Acer F2 ne. A HP a danna Esc sannan F10. A ThinkPad na Lenovo F1 ne. A allunan Asus, Gigabyte da MSI na kwamfutar haɗi galibi Delete ne. A riƙa ɗan dannawa a jere, kada a jira.

Dokoki biyu za ku riƙe tun daga yau. Ta farko, kafin ku sauya komai ku ɗauki hoton shafin da wayarku. Ta biyu, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a adana, a tayar da kwamfuta, a sake awo. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko an samu sauƙi bai san wanne ya yi maganin ba, idan kuma ta ƙi tashi bai san wanne zai mayar ba.

3. IDE da AHCI

Nan ne jigon darasin, don haka za mu ɗan daɗe.

Rumbu yana magana da madabod ta hanyar kebul ɗin SATA, amma salon maganar iri biyu ne. IDE shi ne tsohon salo, na zamanin faffaɗan kebul mai kama da ɗamara. AHCI kuwa kamfanin Intel ne ya fitar da shi a 2004 domin SATA. Da yake Windows XP, wadda ta fito a 2001, ba ta zo da direban AHCI a faifanta ba, sai masu ƙera alluna suka bar zaɓin IDE a BIOS domin ta samu ta hau. Daga Windows Vista ta 2007 zuwa yau duk sun san AHCI da kansu, amma zaɓin IDE ya ci gaba da zama a tsofaffin alluna shekaru masu yawa.

Bambancinsu kamar yaron aike ne. A salon IDE, an aike shi ya sayo gishiri, sai ya dawo a ce ya koma ya sayo mai, ya dawo a ce saura barkono. A salon AHCI, an ba shi jerin saƙonnin gaba ɗaya, shi kuma ya tsara hanyarsa a kasuwa, ya fara da rumfar da ta fi kusa. Wannan dabara ita ce NCQ, kuma tana bai wa rumbu damar riƙe umarni har 32 a layi, ya jera su yadda allurar da ke karatu a kan faifai ba za ta yi ta kai-kawo a banza ba.

> Akwatin kalmomi
> SATA: hanyar haɗa rumbu da madabod da siririn kebul mai baki kamar harafin L.
> AHCI: salon da madabod ke sarrafa rumbun SATA da cikakken ƙarfinsa.
> NCQ: damar da rumbu ke da ita ta karɓar umarni da yawa ya tsara su da kansa.
> Direba: ƙaramar manhajar da ke koya wa Windows yadda za ta yi aiki da wata na'ura.

A faɗi gaskiya tun yanzu: AHCI ba zai ninka saurin kwafin fim guda ɗaya a kan rumbu mai faifai ba. Inda ake jin amfaninsa shi ne lokacin da ayyuka suka yi wa rumbu yawa a lokaci guda, kamar ana kwafi, ana buɗe manhaja, Windows kuma tana nata aikin a ɓoye. A kan SSD kuwa bambancin yana fitowa sosai, kuma barin SSD a kan IDE asarar kuɗin da aka saye shi ne.

Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan saiti. A Dell ku nemi "SATA Operation", inda tsohon salon yake da suna ATA. A kwamfutocin tebur na HP yana ƙarƙashin "Storage Options" da sunan "SATA Emulation". A ThinkPad sunansa "SATA Controller Mode Option", kuma tsohon salon shi ne "Compatibility". A Asus "SATA Mode Selection" ne. Idan kwamfutar sabuwa ce ƙila ba za ku ga IDE ba sam, an riga an cire shi.

Za ku iya tarar da zaɓi na uku, RAID. Dell takan fitar da kwamfutocinta da yawa a kan "RAID On" ko da rumbu ɗaya ne a ciki, kuma wannan ba shi ne ke kawo jinkiri ba. Idan kuwa rumbuna biyu ne ko fiye aka haɗa su suna aiki kamar ɗaya, sauya wannan saiti na iya sa fayiloli su ɓace wa Windows. Ku bar shi yadda kuka same shi.

Yanzu ga tarkon. Idan an ɗora Windows lokacin da saitin yake kan IDE, ita direban IDE ta sani a wajen tashi. Kuka juya zuwa AHCI kai tsaye, za ta nemi rumbunta ta rasa, ta nuna shuɗin allo mai rubutu INACCESSIBLE BOOT DEVICE. A nan ne sabon mai gyara yakan firgita ya ce rumbu ya ƙone. Babu abin da ya samu fayilolin. A koma BIOS a mayar da saitin yadda yake, za ta tashi lafiya.

Hanyar da ta dace a Windows 10 da 11 ita ce a bi ta "Safe Mode", domin a can Windows tana ɗauko direbobin rumbu na asali:

1. A kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. A tabbatar an san kalmar sirrin shiga kwamfutar. Idan rumbun yana kulle da BitLocker, a nemo lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 a rubuta a takarda.
2. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msconfig, a danna Enter.
3. A shafin "Boot" a sa alama a "Safe boot", a bar shi a kan "Minimal", a amince, a sake kunna kwamfuta.
4. Kafin Windows ta tashi a shiga BIOS, a sauya saitin zuwa AHCI, a adana a fita.
5. Idan ta tashi a "Safe Mode", a sake buɗe msconfig, a cire alamar, a sake kunnawa.

Domin tabbatarwa, a buɗe "Device Manager" a duba ƙarƙashin "IDE ATA/ATAPI controllers". Ganin kalmar AHCI a sunan na'urar shi ne shaida. Windows 7 hanyarta daban ce, sai an taɓa rajistarta, don haka ku yi wannan tare da malaminku. Idan kuma sabuwar Windows za ku ɗora, ku sa AHCI tun kafin ku fara, kun huta da duk wannan.

*Misali na 2.* A wani shagon buga takardu, tsohuwar kwamfutar tebur ta wayi gari da shuɗin allo, agogonta kuma ya koma wata tsohuwar shekara. Mai gyara ya yi fomatin, ta tashi, amma tun daga ranar take nauyi. Abin da ya faru shi ne ƙaramin batirin madabod ya mutu, BIOS ta manta saitinta ta koma na masana'anta, wanda a wannan allo IDE ne. Shuɗin allon daga nan ya fito, sabuwar Windows kuma ta zauna a kan IDE. Gyaran shi ne a sa sabon batir, a daidaita agogo, a bi matakai biyar ɗin nan. Batirin lambarsa CR2032, mai bolt 3, faffaɗa kamar kwabo, kuma ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

4. Wace kafa aka soka rumbun?

SATA zuriya uku ce. Ta farko ta 2003 tana kai kimanin MB 150 a sakan, ta biyu ta 2004 kimanin MB 300, ta uku ta 2009 kimanin MB 600. Bakin kafofin iri ɗaya ne, kebul ɗaya ke shiga kowacce, shi ya sa ake ruɗewa. A allunan da ke da zuriya biyu a haɗe, galibi launin kafofin ya bambanta, kuma akwai ɗan rubutu a gefensu a jikin allon. Allon da aka gina kan cif ɗin Intel B75 kafa ɗaya tak ke da shi ta SATA 3, sauran duk SATA 2 ne. Mai H61 kuwa cif ɗinsa ba shi da SATA 3 ko ɗaya.

Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna wannan a layin "Transfer Mode". Lamba biyu take bayarwa: ta hagu saurin da rumbu yake kai yanzu, ta dama iyakar abin da zai iya. Idan kun ga SATA/300 a hagu, SATA/600 a dama, rumbun ya fi ƙarfin kafar da yake ciki. Wasu allunan suna da zaɓin iyakance saurin kafa a BIOS, inda za ku ga Gen1, Gen2, Gen3. A bar shi a kan Auto.

*Misali na 3.* An sa sabon SSD a kwamfuta, awo ya ba da MB 270 maimakon 540. Wannan lamba ta SATA 2 ce. Idan allon B75 ne, a kashe kwamfuta, a zare wuta, a mayar da kebul ɗin kafar SATA 3. Idan H61 ne da ba a ƙara masa wani cif ba, to iyakarsa ke nan, kuma babu saitin da zai ƙara ko MB ɗaya. A gaya wa mai kaya gaskiya. Rumbu mai faifai kuwa bai damu da wannan ba, tunda bai ma cika SATA 2 ba.

5. Rumbun waje da kafar USB

Duk lokacin da kwafi zuwa rumbun waje ya tsaya cak tsakanin MB 30 da 40, ku zargi USB 2.0, domin iyakarta ke nan a aikace. USB 3.0, wadda ta fito a 2008, galibi cikin kafarta shuɗi ne ko kuma akwai SS a gefenta, kuma tana ɗaukar duk abin da rumbu mai faifai zai iya bayarwa.

Shuɗiyar kafa ma tana iya yin aiki da saurin 2.0 idan an kashe ta a BIOS. Ku nemi "xHCI Mode", ko "USB 3.0 Mode" a ThinkPad, ku tabbatar yana kan Auto ko Enabled. Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba, don haka masu gyara sukan kashe saitin su ɗora ta daga filasha, sai su manta ba su mayar ba. Ku kuma kalli kebul ɗin kansa. Rumbunan waje da yawa suna da faffaɗan baki mai gida biyu, kuma tsohuwar cajar waya tana shiga gida ɗaya daram. Rumbun zai kawo wuta, zai buɗe, amma da saurin 2.0.

6. Sauran saituka a taƙaice

Wasu allunan suna da saitin tsimin wuta na SATA mai suna "Aggressive LPM". Idan kwafi yana ɗan tsayawa yana ci gaba, a gwada kashe shi. Kafar M.2 kuma, inda ake soka SSD samfurin NVMe, tana iya aiki da layi biyu ko huɗu, wanda ake rubutawa x2 da x4. SSD mai MB 3,500 da ke ba da kimanin 1,700 yana kan layi biyu ne. A wasu allunan, sa rumbu a M.2 yana kashe wata kafar SATA, littafin allon ne zai faɗi wacce.

Sabunta BIOS shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi, allon na iya ƙin tashi kwata-kwata. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, kada a fara shi a kwamfutar tebur sai da UPS ko inbata mai caji, a laftof kuma sai batir ya cika kuma caja tana jiki. Fayil ɗin ya fito daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, na ainihin samfurinta.

7. Idan rumbun ne ba shi da lafiya

Idan babban fayil yana tafiya da MB 2 ko 3, yana faɗowa sifili, ko kuna jin ƙaf-ƙaf daga cikin rumbu, ku fita daga BIOS, ba nan matsalar take ba. CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar rumbu da launi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Layukan 05 da C5 suna ƙirga gurbin da ya lalace a faifai. Layin C7 kuwa kurakuran da ke faruwa a hanya yake ƙirgawa, kuma hauhawarsa galibi kebul ne ya saki ko ƙurar hunturu ta shiga bakin kafa. A zare, a goge, ko a sa sabo. Idan kun ga rawaya ko ja, ku dakatar da duk wani gwaji, ku fara kwashe fayilolin mutane, mafi muhimmanci a gaba.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa fomatin ba ya gyara saitin BIOS?
2. Don me ake awo da babban fayil guda ɗaya maimakon folda mai ƙananan hotuna?
3. Za a kwafi GB 24 da saurin MB 40 a sakan. Minti nawa zai ɗauka? Idan saurin ya koma MB 120 fa?
4. Bayyana NCQ da kalmominka, ka faɗi irin aikin da amfaninsa ya fi fitowa.
5. Abokin aikinka ya juya IDE zuwa AHCI, kwamfuta ta nuna shuɗin allo, ya ce rumbu ya ƙone. Me za ka gaya masa, kuma me za ku yi mataki-mataki?
6. SSD yana ba da MB 270 a kan allon H61. Akwai saitin da zai ƙara saurinsa? Kawo hujja.
7. Kawo dalilai uku da za su sa rumbun waje ya tsaya a MB 35 a sakan.
8. Wace alama ce a agogon kwamfuta ke nuna batirin madabod ya mutu?

Aikin gida

Ku sami kwamfuta ɗaya da izinin mai ita, ku auna saurin kwafin babban fayil, ku shiga BIOS ku ɗauki hoton shafin SATA da na USB, ku fita ba tare da adana komai ba. Ku zo aji na gaba da lambar da kuka samu da hotunan, a nan za mu yi sauyin tare.